Cibiyar jinjiri da cibiyar kasuwa

Tambaya: Gwaggo, ina wuni? Ɗana ya ji an ce a rediyo Maraɗi ce cibiyar kasuwancin Nijar, sai ya ɗaga riga yana dariya, wai ina gari ya samo cibiya. Kalma ɗaya ce ko biyu? Sannan ƙanensa mai wata takwas cibinsa ya turo waje, uwar mijina ta ce a ɗaura masa dala, wato kuɗin ƙarfe, a kan cibin. Wata uwa daga unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Lafiya lau, ɗiyata. Ki ce wa yaron nan yana da kunne. Kalma ɗaya ce, kuma tamu ce gangariya, ba aron Larabci ba, don Larabawa surra suke cewa. Ta jikin mutum ita ce ta fari. Da yake a tsakiyar ciki take zaune, kuma ta nan abinci ke isa ga ɗan tayi, duk wurin da abubuwa ke taruwa su watsu sai aka ce masa cibiya. Ki tsaya bakin babbar kasuwa ki ga manyan motoci na shigowa daga Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, wasu na nufar Damagaram, wasu Yamai, ba sai an yi miki bayani ba. Ƴan jarida ne suka ƙara mata kaya: cibiyar lafiya, cibiyar bincike, har ta fara gundurata.

Kakata ungozoma ce, kuma a bakinta cibiya ba ramin ciki kaɗai ba ce, har da igiyar kanta. Ta yanke, a wanke mabiyiya, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne. Shi ya sa Bamaraɗe zai shekara talatin a Kano ko Kwatano, amma in an taɓo gida ya ce "can aka binne cibiyata". Tsofaffinmu da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta tayar daga tsohon gari suka hau tudu, in sun faɗi haka gangare suke nunawa. Malamai kuma da ita suke awo: al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa.

Yanzu ga batun jinjirinki, wanda ya fi damuna. Cibin da ya turo, ƴar kafa ce a naman ciki da ba ta gama rufewa ba, shi ya sa yake ƙara kumbura in yaro na kuka. Galibi da kansa yake komawa kafin shekara 4 ko 5. Dala ba ta rufe kafar, sai dai ta goge fata ta tara datti, ki wayi gari cibi ya zama ƙari. Ki faɗa wa uwar mijinki cikin ladabi, ko ki ɗauke ta ku je awo tare ta ji daga bakin malamar asibiti, ya fi ki ja da ita a tsakar gida.

Amma in kin ga cibin ya yi tauri, kin danna bai shiga ba, ya sauya launi, yaro na amai yana ihu, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti a daren.