Shin kuɗi ne suka sangarta mutanen Nauru?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin kammala digiri kan sauyin al'ada a ƙananan tsibiran tekun Fasifik. Duk inda na duba cewa ake yi mutanen Nauru sun samu kuɗin fosfet, suka sangarce, suka daina kamun kifi, ciwon suga ya cinye su. Hankalina bai kwanta ba. Haka zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka rubuta haka, ɗana. Maganar sangartar nan ta ishe ni. Kusan kullum sai an turo mini bidiyon daga Facebook: a nuna wani mai ƙiba a kan babur, a ɗora kiɗa, wai an yi bincike ke nan. Wallahi abin yana ƙona mini rai, don an mai da wanda aka cuta shi ne mai laifi.

Bi shekarun da kanka. An gano fosfet, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, a tsibirin a 1900, ba a jima ba aka fara haƙa. Daga 1920 hukumar haɗin gwiwar Birtaniya da Ostiraliya da New Zealand ke kwasa, manomansu na samun taki da araha, masu ƙasa kuwa sai ɗan abin da aka yaga musu. Sai a 1968 suka samu 'yanci, ma'adinin ya koma hannunsu a 1970. Shekara sittin da ɗoriya ana sassaƙe tsibirin kafin kuɗin kirki su shigo. To wace sangarta?

Tsibirin gaba ɗaya murabba'in kilomita 21 ne, kuma an haƙe kusan kashi huɗu cikin biyar. Tsakiyarsa yau duwatsu ne masu tsini, wasu sun fi mutum tsawo, ramuka a tsakaninsu, ba ƙasar da za ka tona ka binne iri. Jama'a sun takure a bakin teku suna jiran jirgin ruwa ya kawo shinkafa da naman gwangwani. Nan za ka nemo tushen ciwon sugan.

Ga kuma abin da masu bidiyo ba sa taɓawa. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan suka kwashe mutum kusan 1,200 daga Nauru zuwa tsibiran Chuuk da ke tekun Fasifik, waɗanda suka dawo a 1946 ba su kai 800 ba. Al'ummar da har yau take bikin Angam duk 26 ga Oktoba, don tuna ranar da yawanta ya kai 1,500, ka auna irin giɓin. Waƙoƙi da salsalar dangi da dabarar kiwon kifi a tafkin Buada da ke cikin tsibirin a kawunan dattawa suke, ba a takarda ba.

Shugabanninsu sun yi almubazzaranci bayan 'yanci, har a wasan kwaikwayo a Landan an zuba kuɗi. Rubuta wannan, gaskiya ne. Amma ka ajiye shi a inda ya dace, bayan babin ƙasa da na yaƙi, kuma ka karanta ƙarar da Nauru ta kai Ostiraliya Kotun Duniya a 1989 kan ɓarnar da haƙar fosfet ta yi wa ƙasarta, wadda aka sasanta a 1993 kan dalar Ostiraliya miliyan 107.