Ɗumama Akwatin Ƙyanƙyasar Ƙwai na Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na haɗa akwatin ƙyanƙyasa da katako, na sa masa ƙwan lantarki guda mai wat 60, na zuba ƙwan kaji. Kwana 21 suka cika babu ɗan tsakon da ya fito, da na fasa wasu kuwa sai na tarar halitta ta soma sannan ta tsaya. Shin zafin ne bai isa ba, in ƙara ƙwan lantarkin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara, domin abin da na fi kyautata zato shi ne zafin ya yi yawa, musamman da rana. Ƙwan kaza yana son digiri 37.5 zuwa 37.8 na ma'aunin Salshiyas, dare da rana, kuma ya fi jure sanyin ɗan lokaci a kan zafin da ya wuce kima. Kaza ma kan tashi daga kwanci ta yi kiwo ta dawo ba tare da ƙwanta sun lalace ba, amma zafin da ya haura digiri 40 ya daɗe yana kashe ɗan tsako cikin ɓawonsa.

Saboda haka ka samo na'urar daidaita zafi, wadda masu gyaran lantarki ke kira tamostat, ita ce za ta riƙa kashe wuta idan zafi ya kai, ta kunna idan ya sauka. Ka maye gurbin ƙwan lantarkin nan naka da ƙanana biyu masu wat 25, ta yadda idan ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan zai riƙe ɗumi. Su kasance irin na da, masu siririyar waya a ciki, domin na zamani masu tsimin wuta ba su fitar da zafin kirki.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne wurin ajiye ma'aunin zafi. Bakinsa ya tsaya daidai saman ƙwai, ba kusa da fitila ko a ƙasan akwati ba, domin zafi sama yake taruwa, kuma tazarar yatsu kaɗan na iya kawo bambancin digiri guda. Ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta tana gauraya iskar. Idan babu fanka, a bar zafin saman ƙwai ya kai kamar digiri 38.5.

Ka sa kwanon ruwa a ƙasa saboda danshi, ka huda ƙananan kafofin iska, ka riƙa juya ƙwan kajin aƙalla sau uku kullum har kwana na 18, daga nan ka daina, ka ƙara ruwa.

Idan aka ɗauke wuta, kada ka buɗe akwatin. Ka lulluɓe shi da bargo ba tare da toshe kafofin ba. Kwalaben ruwa a rufe da ke zaune a ciki tun farko za su riƙa sakin ɗumin da suka tara. Kafin ka sake zuba ƙwai kuma, ka kunna akwatin babu komai na yini da kwana guda, kana duba ma'aunin da tsakar rana da kuma asuba.