Tsutsa na cinye min irin wake tun a ƙasa

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Na shuka wake da fis a ɗan lambuna, kwana 12 shiru, 'yan da suka fito ma ba ganye, sai kara kawai a tsaye. Da na tona sai na ga wasu fararen tsutsotsi a cikin ƙwayar sun rarake ta. Don Allah meye mafita?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Wannan 'ya'yan wani ƙaramin ƙuda ne mai ruwan toka, kamar na gida amma bai kai shi ba, ƙamshin ɗanyen taki da ruɓaɓɓen ganye ke janyo shi ya zo ya yi ƙwai a ƙasa, tsutsar kuma tsawonta kamar milimita 7 ne kawai amma ɓarnarta kin gani ai. Ina zargin kin zuba takin da bai ruɓe ba kika shuka nan take, ko ƙasar ta yi sanyi da laima, iri ya daɗe bai tsiro ba ita kuma tana ta ci.

Gaskiya irin da tsutsar ta shiga ya tafi, feshi ba ya kai mata, kar ki ɓata kuɗinki. Ki jira kamar sati 3, ki tona, in kin ga sun koma 'yan ƙwanso jajaye-jajaye sai ki sake shuka, kar ki binne da zurfi, ki rage ban ruwa, ki lulluɓe kunyar da raga mai ƙananan ido har ganye ya buɗe. Taki kuma a juya shi cikin ƙasa sati 3 kafin shuka.