Wayar da aka dawo da ita kwana uku da saye

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na sallami mutumin nan ban kwance ko noti ɗaya ba, alhali ya ce sabuwar wayarsa tana zafi, tana shan caji. To ajiye abin hannunka ka saurara, yaro.

Waya idan ta fito daga kwali, kwana biyu ko uku na farko aiki take yi a ɓoye. Tana sauke sabuntawa, tana dawo da hotuna da lambobi daga asusun Google, WhatsApp yana kwaso tsofaffin saƙonni. Mai ita kuma bai bar ta ta huta ba, ya ƙure hasken sikirin yana nuna wa abokai. Ka haɗa wannan da zafin Kano na watan Afrilu, da ke wuce digiri 40. Dole ta ɗau zafi, in ta ɗau zafi kuma da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. In ka buɗe ta a nan kasuwar waya ta Farm Centre, ka kashe masa garanti a banza.

Yabon makon farko ma kada ka ɗauke shi da nauyi, amarya ba ta laifi. A 2008 BlackBerry ta fito da Storm, wadda sikirin ɗinta gaba ɗaya yake dannuwa kamar maɓalli. A hannu abin sha'awa, amma da aka fara rubuta saƙo da ita sai aka ga jan jiki take yi, ga shi ba ta da Wi-Fi. iPhone ta farko ta 2007 ko bidiyo ba ta ɗauka, ba ta da 3G, amma tacinta, wato gilashin da ake shafawa, yana bin yatsa ba gardama, shi ya riƙe mutane.

Tacin nan shi nake so ka fahimta sosai. Na Nokia 5800 leda biyu ne, sai ka danna sun haɗu, shi ya sa take zuwa da ɗan tsinke, ko da farce ma tana amsawa. Na yanzu lantarkin jikin mutum yake ji. Saboda haka jiƙaƙƙen hannu yana rikita shi, cajar banza ma haka. Kwastoma ya ce maka wayarsa tana danna kanta? Kafin ka ce masa sai an canja taci, tambaye shi ko a kan caji take yi. Zare ta, goge gilashin, sa mata caja mai kyau. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, kuma kuɗin sikirin da za ka karɓa da ba halalinka ba ne.

In kana son sanin gaskiyar waya, riƙe alamar manhaja ɗaya da yatsa ka ja ta lungu-lungu, musamman gefe-gefe. Duk inda ta kuɓuce, wurin ya mutu. Fita da ita rana ka ga ko rubutu yana karantuwa. Buɗe kyamara, koma WhatsApp, ka sake dawowa. In kowane sai ya tashi daga farko, RAM ɗin, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da suke buɗe, ya yi kaɗan. Wannan 4+4 da ake rubutawa a kwali, huɗun ƙarshe aro ne daga ma'ajiya, ba ya gudu kamar na asali.

Mutumin nan in ya dawo ranar Asabar tana zafi ko a aljihu ba a taɓa ta ba, mu ma ba za mu buɗe ba. Ka ce ya ɗauko rasit da kwali ya kai ta ofishin kamfanin.