Kyamara ɗaya gare ka, kuma da ita kake ci

Wani mai ɗaukar hoton bukukuwa daga Agege a Legas ya rubuto mini cewa yana so ya sauya kyamara. Wani shago a Ikeja ya yi masa kuɗinta naira miliyan 2 da dubu 400, a intanet kuwa ya ga irinta sak a kan miliyan 1 da dubu 900, za a turo daga Dubai. Har yana tunanin ya ci bashi ya sayo uku, ya riƙe ɗaya ya sayar da biyu.

Malam, kuskurenka ɗaya ne: ka lissafa ranar saye, ba ka lissafa ranar da kyamarar za ta tsaya ba. Wadda ka gani a intanet mai yiwuwa ba jabu ba ce, daga masana'antar Canon ko Sony ta fito kamar ta shago. Sai dai an yi ta ne domin kasuwar wata ƙasa, aka shigo da ita ba ta hannun wakilin kamfani ba, kuma garantin kyamara yawanci a yankin da aka sayar da ita kaɗai yake aiki. Ranar da ta ƙi kunnuwa, wakilin kamfani a Legas zai duba lambar da ke jikinta, ya ce ba ta cikin kayansu, sai ka biya gyara daga aljihunka.

Na ga wannan da idona. Wani matashi da na sani a Idi-Araba ya sayi irin wannan kyamarar, wata huɗu tana aiki lafiya, sai ranar wani kamu, amarya ta fito, 'yan mata sun jeru, ya danna ya sake dannawa, allon ya yi baƙi ƙirin. Da wayar ƙanensa ya ƙarasa aikin. Ya mayar wa uwar amarya rabin kuɗinta, kuma unguwar nan ba a sake kiransa biki ba. Wanda ya sayar masa ya ce ya mayar da ita Dubai a duba, kuɗin aikawa a kansa. Mako bakwai yana hayar kyamarar wani duk Asabar kafin ta dawo. Dubu 500 ɗin da kake hange, Asabar uku ko huɗu babu aiki sun cinye ta, ba a ma zo maganar sunanka da zai zube ba, alhali a sana'arku suna ne jari.

Ratar ma ba ta kai yadda kake gani ba. Akwai kuɗin jigila, akwai kwastan, akwai harajin kaya na VAT, kashi 7.5 cikin ɗari. Kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin da ka gani da dala yau ba lalle ne ya zama shi za ka biya ba.

Maganar cin bashi ka sayo uku kuwa, ka ajiye ta. Kai ba ɗan kasuwar kyamara ba ne, mai hoto ne. Duk wanda ya saya a hannunka, idan ta lalace ƙofar gidanka zai zo, kai kuma ba ka da inda za ka kai ta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma kai bashi za ka ci ka sayo wa mutane ita.

Jaka, ƙafar ɗora kyamara, lemar haske, waɗannan saye su a intanet ba laifi, domin ko sun lalace aiki ba ya tsayawa. Batir da katin ajiyar hoto ban yarda ba, jabunsu ya yi yawa.

Kada kuma ka ɗauka duk shagon da ke Computer Village, kasuwar wayoyi da na'urori ta Ikeja, wakilin kamfani ne; da yawa cikinsu irin kayan intanet ɗin suke sayarwa da farashin shago. Ka nemi rasit da sunanka, a rubuta lambar kyamarar a kai, ka kwatanta ta da ta kwali da ta katin garanti. Ka tambayi inda ake kai gyara da kwanakin da yake ɗauka, a rubuta maka. Ka sa a duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, don ka tabbatar sabuwa ce, kafin ka tura ko kwabo, kuma tsohuwar kyamararka kada ka sayar da ita, ta riƙa bin ka wurin biki a cikin jaka.