Jatan landen na ci amma ba sa girma, in ƙara kuɗi?

Wani Alhaji mai sayar da busasshen kirefish a Kano ne ya turo min tambaya. Ya ba ƙaninsa da ke Legas naira miliyan 4 suka fara kiwon jatan lande a kududdufin ruwan gishiri, yau wata 4 ke nan, kullum maganar ƙanin ɗaya ce, wai suna nan lafiya ba sa mutuwa, a dai ƙaro kuɗin abinci. Ya ƙara ko ya dakata?

Alhaji, don Allah kar ka ƙara ko sisi tukuna. Na karanta saƙonka sau biyu ban ga inda ka faɗi nauyinsu ba, kuma nan ne matsalar take. Wata 4 ba sikeli ba littafi! Kai da a shagonka ba ka bari mudu ɗaya ya fita ba a rubuta ba.

Wannan "ba sa mutuwa" ɗin ita ta fi tayar min da hankali. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira EHP, a Tailan aka fara gano ta, aka sa mata suna a 2009. Tana shiga hantar jatan lande ta zauna tana cinye amfanin abincin, ba ta cika kashe su ba, tsumburar da su take yi, sai ka ɗebo raga ka ga wani kamar yatsa wani kamar tsinken ashana alhali rana ɗaya aka zuba su, wani lokacin ma ka ga farin kashi yana yawo a saman ruwa. Cunkoso da dattin da ke taruwa a ƙasan kududdufi suna yaɗa ta, kuma ta fi tsanani inda gishirin ruwa ya yi yawa. Maganin da za a zuba ta warke babu.

Ban ce ita ce ta kama naku ba, zai iya zama ruwan ne ko irin da aka sayo. Amma ta yaya za ka gane ba rubutu? Na san wani bawan Allah da ya yi ta tura kuɗin abinci haka har wata 6 don yana jin nauyin tambayar ɗan'uwansa, ranar kwasa abin da aka samu ko kuɗin abincin bai mayar ba, zumuncin da yake tattali shi ma ya lalace. Abinci kaɗai yana cin kusan rabin kuɗin kiwo, shi ya sa masu ce maka wata 3 jari zai ninka suke ban haushi.

Ka sa ƙaninka ya ɗebo guda 50 ya auna, bayan kwana 7 ya sake, ya rubuta har da buhun abinci nawa ya tafi. In kowanne ɗaya ko giram 1 bai ƙara ba a mako, a kai su gwajin PCR, wato gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje don gano ƙwayar cutar. In ta tabbata EHP ce ku kwashe ku sayar a yadda suke, a busar da kududdufin a zuba masa farar ƙasa mai ƙarfi, kuma kar a sake sayen iri sai da takardar gwaji. Ka hau mota ka je a yi awon farko a gabanka.