Tambaya da Amsa: Gidajen Katako na Ƙauyukan Jamus

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Jamus ya aiko mini da hoton wani gida mai farin bango da baƙaƙen itatuwa a gicciye, ya ce ya tarar da wasu Amurkawa a ƙofarsa suna share hawaye. Wane irin gini ne wannan, kuma me ya kai su can? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Jamusawa suna kiran wannan gini Fachwerk, kuma ya sha bamban da namu. A cikin birnin Kano tubali ne ke ɗaukar nauyin soro, azara kuwa tana can cikin rufi, amma su kafinta ne ke fara kafa ginshiƙai na katako mai tauri, yana sarƙe su da turakun itace maimakon ƙusa, sannan a saƙa kirare a tsakani, a yaɓe da laka mai ramno, a shafe da farar ƙasa. Garin Quedlinburg kaɗai yana da irin waɗannan gidaje sama da dubu, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994.

Baƙin nan kuwa tushensu suke nema. Tun 1683 iyalai 13 daga garin Krefeld na Jamus suka kafa Germantown a Pennsylvania, wadda yanzu jiha ce a Amurka, kuma a ƙarni na 19 Jamusawa kusan miliyan 5 suka ƙaura zuwa Amurka, da yawansu saboda gonakin gado sun tsuke har ba sa ciyar da gida. Jikokinsu kan fara bincike daga kundin majami'a, inda aka rubuta haihuwa da aure, ko daga sunayen fasinjojin jiragen ruwa na Hamburg, har su dace da ƙauyen.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda magina sukan sassaƙa sunan maigida da na matarsa da shekarar gini a jikin gungumen da ke saman ƙofa, ta yadda jika zai iya ɗora yatsa a kan sunan kakansa. Na taɓa raka wani dattijo daga zangon Kumasi neman gidan kakansa a cikin gari, muka iske an rushe zauren an jera shaguna na bulo, sai wata tsohuwa ce kawai ta tuna sunan gidan. Ki ce wa yaron, idan ya sake bi ta ƙauyen, ya ɗaga kai ya ɗauko miki hoton rubutun saman ƙofar.